Ɗan Gangara Mai Kan Lissafi: Baiwa Ce Ko Laifi?

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ta karkara ya san yaron nan, ko da kuwa bai taɓa sanin yadda zai yi da shi ba. Shekarunsa ba su wuce bakwai ko takwas ba. Kafin malam ya gama rubuta tambayar lissafi a babban allo, shi ya riga ya ɗaga ƙaramin allonsa da amsa, kuma daidai. A ba shi ta biyu, ya yi. A ba shi ta uku, ya yi. Daga nan shi ke nan, aikinsa na ranar ya ƙare, alhali darasi ko rabi bai yi ba, ga kuma tulin yara da malam zai bi ɗaya bayan ɗaya. To, me yaro ɗan shekara bakwai zai yi da rabin awa na zaman banza? Sai ya tsokani na kusa da shi, ko ya riƙa leƙen waje ta kafar zana, ko ya kifa kai ya yi barci. Kafin shekara ta raba an riga an laƙaba masa suna: mai surutu, mai rawar kai, marar jin magana. Wata rana ma bulala ce ladan amsar da ya bayar tun kafin a tambaye shi.

Akwai irin wannan yaro a Gangara, ƙaramar hukumar nan ta kudancin jihar Maraɗi da ke kan iyaka da ƙasar Katsina, wadda take ƙarƙashin Agye kafin a yanke gundumar Gazawa a 2011. Akwai shi a ƙauyukan Agye, akwai shi a na Gidan Rumji, domin Allah bai keɓe wa 'ya'yan birni hazaƙa ba. Abin takaicin shi ne, ƙasar da kullum take kukan ƙarancin injiniyoyi da likitoci da malaman kimiyya, ita ce kuma take zubar da su tun suna aji biyu, alhali abin da za a kashe a tsare su bai kai kuɗin man rangadin babban mutum guda ba.

Kafin a shiga ajin, ya kamata a fara leƙa kasuwa, domin can ne yaron ya koyi abin da ya iya. Ɗan kasuwar wannan yanki ba ya ƙidayar kuɗi yadda aka rubuta a jikin takarda. Abin da aka buga 500, shi dala ɗari yake kiransa. Abin da aka buga 1000, jika ce, wato dala ɗari biyu. A ce tiyar gero tana dala ɗari da talatin, mai saye yana son tiya bakwai. Yaron da ke zaune gefen buhun babansa zai ce jika huɗu da dala ɗari da goma, ya karɓi takardar jika biyar, ya mayar da canjin dala tasa'in, bai taɓa alƙalami ba. A cikin wannan 'yar magana ya ninka 130 sau 7, ya raba abin da ya samu gida-gida na ɗari biyu, ya ɗebe, sa'an nan ya fassara komai zuwa lambobin da ke jikin kuɗin, waɗanda suka ninka abin da baki ke faɗa sau biyar. Idan kuma mai sayen daga tsallaken iyaka ya zo da naira a aljihu, sai a ƙara wani hawa na lissafi a kan farashin canji na ranar, wanda na jiya daban, na yau daban. Duk mai auna gero ko aya ko wake a kasuwannin wannan yanki ya san wannan aiki ne na kowace safiya.

Washegari wannan yaro ne zai zauna a ajin CP a ce masa ya fito da 'yan tsinkayensa ya tara huɗu da uku, cikin harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa. Idan ya faɗi amsa da Hausa, a ce ya yi kuskure. Idan ya faɗe ta da Faransanci ba tare da ya jera tsinkaye ba, a ce ya nuna hanyar da ya bi, shi kuwa ba shi da kalmomin da zai bayyana ta. Haka zai shekara, haka zai sake shekara. Darasin da yake ɗauka a wannan zama ba na lissafi ba ne. Abin da yake koya shi ne lakwal wuri ne da ake zuwa a jira.

Abin mamaki, babu al'ummar da ta fi Hausawa sanin maganin wannan ciwo. A makarantar allo da ke bayan gidan su yaron, ba a taɓa tsayar da mai saurin hadda don ya jira mai nawa ba. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya biya karatunsa ya riƙe shi da kyau, malam ya ce ya wanke a yi masa ƙari. Wanda bai riƙe ba ya ci gaba da maimaitawa, ba wanda ya zalunci wani. Haka nan a dandalin kokawa: yaron da ya kayar da sa'o'insa kaf, ba a ce masa ya ci gaba da kayar da su har shekara ta zagayo, sai a haɗa shi da wanda ya ɗan girme shi, don ya san ƙasa tana da tauri. Kantu, wanda ya kawo wa Maraɗi takobin farko na kokawar ƙasa a 1975, ba da kokawa da ƙannensa ya zama Kantu ba. Makarantar boko kaɗai ce ta zo da ƙa'idar cewa duk waɗanda aka rubuta rana ɗaya, to dole su buɗe shafi ɗaya a rana ɗaya har tsawon shekara shida.

Ba shakka akwai masu cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu karatu da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshen layi: fiye da tara cikin goma na yaran da ke gama firamare ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. An sami ci gaba a zagayen 2019, amma duk da haka mafi yawa suna ƙasa da layin. Dubban azuzuwa na zana ne, kuma mutanen Maraɗi ba su manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a cikin birni, ƙananan yara fiye da 20 suka rasu. Tun daga 1998 da aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka koma 'yan kwantaragi, su ne suka zama mafi rinjaye a firamare, da ɗan albashin da sau da yawa ba ya zuwa kan lokaci. Da aka yi musu jarrabawar gwaji a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. A irin wannan hali, in ji masu wannan ra'ayi, wa ke da lokacin damuwa da yaro ɗaya da matsalarsa ita ce ya iya da yawa?

Amsar tana cikin alƙaluman da suka kawo. Malamin da zai koyar da lissafi a kwalejin Gazawa nan da shekara ashirin, daga ina zai fito? Daga cikin yaran da ke zaune a ajin CP yau zai fito, ko kuwa kada ya fito sam. Ƙasar da malamanta suka kasa cin jarrabawar gwaji, tana girbin abin da ta shuka ne a shekarun 1990 na bashin albashi da yajin aiki da shekarun karatu da aka soke, lokacin da hazikan karkara da yawa suka bar aji suka kama ci-rani. Kowane haziƙi da aka bari ya lalace yau, aji guda ne na gobe aka bari ba malamin kirki. Sa'an nan a dubi wanda ke cutuwa. Ɗan babban ma'aikaci a Yamai ko ɗan attajiri a Maraɗi, idan aji ya yi masa kaɗan, za a sauya masa makarantar kuɗi, a ɗauko mai yi masa darasi da yamma, a cika masa ɗaki da littattafai. Ɗan manomin Gangara ba shi da kowa sai makarantar gwamnati. Idan ta ce ba ruwanta da masu baiwa, da sunan daidaita kowa da kowa, to ɗan talaka kaɗai ta daidaita da ƙasa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ce wannan ƙasa ta haifi masanin lissafi. Gangara tana cikin yankin da tarihi ya ɗaure da Katsina tun kafin Turawa su ja layin iyaka, Katsina kuwa ita ce ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, malaman birnin suna girmama shi. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara: uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama. Gaskiya ne a zamaninsa wannan ilimi a haɗe yake da hisabi da sha'anin asiri, kuma har gobe da wannan fuska jama'a suka fi sanin hatimi. Amma abin da ke cikinsa lissafi ne tsantsa: a jera lambobi daga 1 zuwa 9 a gida tara, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Masana tarihin lissafi a jami'o'in duniya suna ambaton sunansa, amma da wuya a sami ɗan firamare a jihar Maraɗi da ya taɓa jin sa daga bakin malaminsa.

Na kusa-kusa kuma, a Tasawa, maƙwabciyar Gazawa a kan babbar hanya, aka haifi Abdu Mumuni Dioffo a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar nan ta zama malamin kimiyyar fizik da Faransawa ke ji da ita, ya dawo ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana, ya shugabanci jami'ar Yamai wadda take ɗauke da sunansa tun bayan rasuwarsa a 1991. Shi ne kuma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya caccaki makarantar mulkin mallaka, ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Abin lura a tarihinsa shi ne, makarantar Nasara, duk da mugun nufinta na neman akawu da tafinta, tana da ido mai neman haziƙi, idan ta gan shi kuwa ba ta sakinsa. Makarantar 'yanci ta tara yara ninkin-ba-ninkin na wancan zamani, abin a yaba, amma idon nan ya makance.

To, me za a yi wa yaron? Abin da ke fara zuwa bakin iyaye shi ne a tsallakar da shi aji. Wani lokaci hakan daidai ne, kuma tsoron da ake yi masa ya wuce kima. A Amurka, wani malamin jami'ar Johns Hopkins mai suna Julian Stanley ya fara bin diddigin yara masu baiwar lissafi a 1971, aka ci gaba da bin dubbansu har suka manyanta. Abin da aka gani shi ne waɗanda aka bari suka yi sauri sun yi nisa a karatu, kuma galibinsu ba su yi nadama ba. Sai dai a nan akwai wani tarko da ba su da shi a can, wato Faransanci. Yaron da ya fi 'yan CE2 lissafi yana iya kasancewa ɗan CP ne sosai wajen karatu da shifta. A ɗauke shi ɗungurungum a jefa shi gaba, sai harshe ya kayar da shi, a dawo ana cewa ga shi nan, dama an faɗa. Srinivasa Ramanujan na Indiya, wanda ya rasu a 1920 yana da shekara 32 bayan ya girgiza malaman Cambridge, ya rasa tallafin karatunsa a kwaleji ne saboda ya faɗi sauran darussa, ba don lissafi ba.

Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta bukatar sa hannun minista, ita ce a bar yaron a ajinsa tare da sa'o'insa, amma idan lokacin lissafi ya yi ya ɗauki allonsa ya shiga ajin gaba, in an gama ya dawo. Abin da kawai ake bukata shi ne darakta ya daidaita jadawali ta yadda azuzuwan biyu za su yi lissafi a lokaci guda. A ƙananan makarantun ƙauye inda malami ɗaya ke riƙe da aji biyu a ɗaki ɗaya, abin ma ya fi sauƙi, domin daga wannan layi zuwa wancan ne kawai. Abin da ake ɗauka nakasu ya zama rahama. Sharaɗi ɗaya ne: a gwada yaron da gaske kafin a yanke hukunci, a ba shi jarrabawar ƙarshen shekara ta ajin da ke gabansa, a karanta masa tambayoyin da Hausa idan ta kama, don a san lissafinsa ake aunawa ba Faransancinsa ba.

Abin da bai kamata a yi ba, shi ne wanda aka fi yi. Na farko, a ƙara masa irin aikin da ya riga ya iya: ya gama tambaya biyar, a ba shi ashirin masu kama da su. Yaro ba wawa ba ne, nan da nan zai gane ladan sauri shi ne ƙarin wahala, sai ya koyi jan ƙafa. Na biyu, wanda ya fi muni, a mayar da shi ƙaramin mushe: shi ne mai rubuta sunayen masu surutu, shi ne mai duba allunan 'yan'uwansa, wani lokaci har a miƙa masa bulala. Malam ya sami hutu, yaro ya sami maƙiya, kuma bai ƙaru da komai ba. Ba laifi ya taimaki na kusa da shi jefi-jefi, domin bayyana wa wani abu yana ƙara zaunar da shi a kai, amma shi ma ɗalibi ne, iyayensa karatu suka aiko shi, ba aikin gwamnati kyauta ba.

Abin da yake jin yunwarsa shi ne tambayar da za ta tsayar da shi, wadda zai kwana da ita bai warware ba. Irin waɗannan kuwa ba sai an yi odarsu daga Faris ba. A zana masa hatimin gida tara a ƙasa a ce ya cika, in ya cika a tambaye shi dalilin da ya sa dole 5 ce za ta zauna a tsakiya, in ya gano a ba shi mai gida ashirin da biyar, wanda kowane layinsa ke ba da 65. A ce masa mutum goma sun fito daga masallaci, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, musabaha nawa aka yi? Zai ce ɗari, ya koma tasa'in, kafin ya isa 45, kuma a kan hanyar zai gano wata ƙa'ida da kansa. A ba shi igiya mai mita 40 a ce ya kewaye fili mafi girma da zai iya: zai ga mai 15 da 5 ya ba da 75, mai 10 da 10 ya ba da 100, alhali igiyar ba ta ƙaru ba. Ga dara, da gidajenta talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wadda dattawa ke bugawa a gindin bishiya, ba abin da take koyarwa sai hangen abin da zai faru bayan taku uku. Ga zakka: ushirin amfanin gonar damina, rabin ushiri na noman ban-ruwa, ɗaya cikin arba'in na dukiyar ciniki. Ga rabon gado da rabinsa da rubu'insa da sumuninsa da sulusinsa da sudusinsa, wanda malamin zaure ya fi malamin boko da yawa iya sarrafa shi. Ai littafin Alkhawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, babban kaso nasa a kan lissafin gado da wasiyya yake.

Kada malami ya ji kunya idan yaro ya zo da tambayar da ta fi ƙarfinsa. Ana ba da labarin Carl Gauss na Jamus, ɗan wani magini da aka haifa a 1777, cewa malaminsu ya sa su tara lambobi daga 1 zuwa 100 don ya samu ya huta, sai yaron ya lura 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har sau hamsin, ya rubuta 5050 ya ajiye allo. Kowa Gauss yake yabo a wannan labari, amma wanda ya cancanci a tuna shi ne malamin, domin bai doke shi ba, bai ce ya yi satar amsa ba. Nemo masa littafin da ya fi na ajin ya yi, mataimakinsa ya riƙa zama da shi, daga baya aka kai maganarsa gaban sarkin garinsu wanda ya ɗauki nauyin karatunsa. Littafin lissafi na CM2 ko na ajin farko na kwaleji, ko da tsoho ne mai yagaggen bango, yana iya yi wa ɗan Gangara wannan aiki. Malaman yanki suna haɗuwa a tarukan CAPED don gyara koyarwa. Ba abin da zai hana a ware awa ɗaya a ciki, kowa ya faɗi yaron da ya gagare shi ta wannan fuska, a yi musayar tambayoyi, a gayyato malamin lissafi na kwaleji mafi kusa.

Iyaye ma da nasu laifin. Wasu sukan mayar da yaron abin nuni, duk baƙon da ya zo a kira shi a jefa masa lambobi kamar ana wasa da biri, a yi ta kiransa mai ƙwaƙwalwa har ya ɗauka shi ba ya kuskure. Irin wannan, ranar da ya isa kwaleji ya haɗu da abin da ba ya buɗuwa a kallo ɗaya, sai ya karaya, domin bai taɓa koyon zama da wuya ba. Wasu kuma tsoron baki ke sa su ɓoye shi, su hana shi magana, har a kai ga cewa abin nasa ba na lafiya ba ne, a nemo masa rubutu. Ɗan kasuwa kuwa, da ya ga yaro ya iya canji, sai ya ga ya sami mai tsaron shago da ba ya cin riba, ya cire shi daga CE2. Ribar shekara biyar ya gani, bai ga ta shekara arba'in ba. Idan kuma mace ce, abin ya fi ban tausayi. Yarinyar da ke dawowa daga tallan ƙuli-ƙuli ko dala ɗaya ba ta ɓace mata ba, uwarta ce ta fi kowa sanin baiwarta, kuma ita ce ta fi kowa bukatar ta a kan faranti. Jihar Maraɗi na cikin jihohin da aka fi aurar da 'yan mata kafin su kai shekara 18, saboda haka haziƙar da ba a gano ta a CE1 ba, da wuya a same ta a CM2 balle a yi maganar kwaleji.

Ita kuwa hukuma, a sama take neman abin da ya kamata ta nema a ƙasa. Akwai lisen hazikai a Yamai, wanda ake shiga ta hanyar gasa bayan an gama kwaleji, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi da sashenta na kimiyya. Madalla. Amma wanda zai isa ƙofar wannan gasa sai ya tsallake shekara goma na karatu, ɗan ƙauye kuwa tun a shekara ta uku ake rasa shi. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma duk wanda ya san asibitoci da jami'o'in arewacin Nijeriya ya san abin da suka haifar. Indiya ta ƙara matsowa ƙasa: daga 1986 ta fara gina makarantun kwana na kyauta gunduma-gunduma, ana ɗaukar yara tun daga aji shida, aka kuma keɓe kashi uku cikin huɗu na guraben ga 'ya'yan karkara. A zamanin jam'iyyu, tun daga taron ƙasa na 1991, an sha alƙawarin azuzuwa da tebura a kowane yaƙin neman zaɓe, amma maganar abin da za a yi da yaron da ya fi ƙarfin ajinsa ba ta taɓa zama abin hawa mumbari ba, domin ba a yanke mata kyalle, ba a ɗaukar ta hoto.

Batun harshe ma ba sabuwar doka yake jira ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta tanadi a fara koyar da yaro cikin harshen uwa. A watan Maris 2025 kuma, kundin da hukumomin soja suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan duk wannan ba ado ba ne na takarda, to wurin da ya fi cancanta a fara ganinsa shi ne darasin lissafi na ajin CI da CP a gari irin Gangara, inda yaro zai iya cewa ga yadda na yi, da bakin da ya yi tunanin da shi, malam kuma ya gane abin da ke gabansa.

Saura alhazan kasuwa da ma'aikatan da suka fito daga wannan yanki suke zaune a Maraɗi da Yamai. An san su da kyauta: ɗan kokawar da ya yi kaye yakan tashi da babur da buhunan shinkafa, mahaddacin da ya ci musabaƙa yakan sami kujerar Makka, kuma duk sun cancanta. Akwatin littattafan lissafi guda, da fitila mai aiki da hasken rana, da kuɗin motar malamin kwaleji da zai riƙa zuwa ranar Asabar sau biyu a wata ya zauna da yara goma da aka tsamo daga makarantun ƙaramar hukuma, duka ba su kai kuɗin babur ɗaya ba. Kwamitin kula da makaranta, wanda jama'a suka fi sani da COGES, yana nan a kowane gari, shi ne zai riƙe kayan ya kuma ba da bayanin inda suka shiga. Wanda ke da ɗa a birni ya ba wa haziƙin ƙauyensu masauki idan lokacin kwaleji ya yi, domin rashin wurin kwana ya kori ɗalibai da yawa da jarrabawa ba ta kora ba. A kuma duba tun da wuri ko yaron yana da takardar haihuwa, kada a wayi gari ranar rubuta sunayen masu jarrabawa a ce babu shi a rajistar hukuma.

Makarantu kan koma a watan Oktoba. Sufeton makarantun da ke kula da Gangara yana karɓar takardu iri-iri daga daraktoci a farkon shekara: yawan yara maza da mata, yawan tebura, azuzuwan siminti da na zana, malaman da suka iso da waɗanda ba su iso ba. Babu abin da zai hana shi ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar, ya nemi kowane darakta ya rubuta sunan yaro ko yarinyar da lissafin ajinsu ya yi wa kaɗan, da abin da aka shirya yi musu kafin hutun Disamba. Daraktan da ya mayar da layin nan ba komai a kansa, sai a tambaye shi ranar da ya yi wa 'yan CP ɗinsa tambaya ta ƙarshe da Hausa, a kan dala da jika.